Kumburin Ido da Kumfar Fitsari: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Riƙon da Ke Hana Ƙoda Yoyo

Yawanci a fatar ido ake fara ganin abin. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu zai tashi daga barci idanunsa a kumbure, kafin azahar sun sace, washegari da safe su sake tasowa. Cikin mako guda ko biyu kumburin ya sauka ƙafafu, ciki ya cika, takalminsa ya daina shiga. Fitsarinsa ya ragu, ɗan wanda yake yi kuma kumfa ke taruwa a kansa ta ƙi bajewa. A gida wani ya ce ciwon ido ne, wata ta ce tamowa ce, wani ma ya ce ƙiba yaron ya yi. A asibiti sunan abin ciwon nefrotik, kuma ba yara kaɗai yake kamawa ba, har da manya.

Nefrotik ba cuta ɗaya ba ce. Suna ne da likitoci ke ba wa alamomi huɗu idan suka taru a jikin mutum guda: furotin mai yawa a fitsari, ƙarancin furotin ɗin da ake kira albumin a jini, kumburin jiki, da hauhawar kitse a jini. Lafiyayyen baligi ba ya zubar da furotin da ya wuce miligiram 150 a fitsarin awa 24. Mai nefrotik yana zubar da fiye da giram 3.5, wato ninki ashirin da ɗoriya, wani ma har giram 10. Albumin shi ne ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, don haka da ya yi ƙasa sai ruwan ya tsiyaye ya taru a ƙarƙashin fata da cikin ciki, ita kuma ƙodar ta ƙara dagula lamarin da riƙe gishiri.

Tun 1827 wani likita a Landan, Richard Bright, ya gane cewa irin wannan kumburi da ciwon ƙoda tafiyarsu ɗaya. Yakan zuba fitsarin majinyaci a cokali ya ɗora a kan wutar kyandir, in ya ga ya yi farin gudaji ya san furotin ne ke fita. Amma sai da aka shafe shekara 170 da 'yan kai kafin a sa hannu a kan takamaiman abin da ke kwancewa a cikin ƙodar har ta fara yoyo.

Ƙwayar da ke rataye a bakin ruwa

Ƙodojin mutum biyu suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk jinin da zuciya ke turawa. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatu wajen miliyan ɗaya. Kowace matata ɗan curi ne na siraran jijiyoyin jini da suka nannaɗe, an zagaye shi da 'yar jaka mai tarbar abin da ya tsiyayo. Ruwan da ke ratsa bangon waɗannan jijiyoyi ya kai lita 180 a rana. Ƙodar ta sake tsotse kusan dukkansa ta mayar cikin jini, ta bar wajen lita ɗaya da rabi ya fita a matsayin fitsari. Ruwa da gishiri da suga da datti duk suna wucewa ta bangon. Ƙwayoyin jini da albumin ne aka hana hanya.

Bangon hawa uku ne. Na ciki, wanda jini ke gogawa, yana da huji-huji. Na tsakiya wata shimfiɗa ce da aka saƙa da zaruruwan furotin, manya a cikinsu su ne kolajin da laminin. Na waje kuwa ƙwayoyin halitta ne masu siffar ban mamaki da ake kira fodosait, kuma su ne abin zancenmu.

Ka kama tiyon ban-ruwa da hannu biyu, ka sarƙe yatsun dama a cikin na hagu. Haka fodosait ke riƙe da jijiyar jini. Ƙwayar takan miƙa rassa, rassan su fitar da ɗimbin ƙananan yatsu, yatsun wannan su shiga tsakankanin na maƙwabciyarta har su lulluɓe jijiyar gaba ɗaya. Tsakanin kowane yatsa da na kusa da shi akwai siririyar rata mai faɗin nanomita 40 ko ƙasa da haka, nanomita kuwa shi ne abin da za ka samu in ka raba milimita ɗaya gida miliyan. Ta wannan rata ruwan da aka tace ke fita.

Abin lura a nan shi ne inda Allah Ya ajiye wannan ƙwaya. A bayan bangon take, ruwa kuma daga ciki yake tasowa, saboda haka dare da rana yana ture ta ne zuwa waje. Matsin jini a cikin curin ya fi na sauran ƙananan jijiyoyin jiki ƙarfi sosai, kuma da kowane bugun zuciya jijiyar tana buɗewa tana komawa. Gangar jikin fodosait a cikin ruwan take reto, yatsunta kaɗai ne a kafe. In suka saki, fitsari zai tafi da ita. Ga kuma wata matsala: fodosait ba ta rabuwa biyu ta hayayyafa yadda ƙwayoyin fata ko na hanta ke yi. 'Yan ɗaruruwan da ke cikin kowane curi, da su mutum zai yi ta tafiya har tsufansa, wadda ta faɗi da wuya a samu mai maye gurbinta.

To da me take riƙon?

Riƙon iri biyu ne. Na farko gefe da gefe ne, tsakanin yatsa da yatsa. Babban mai wannan aiki wani furotin ne da ake kira nefrin. Gindinsa a kafe yake cikin yatsan, dogon jikinsa kuma ya miƙe cikin ratar ya tarar da wani nefrin da ya taho daga yatsan da ke fuskantarsa. Su da wasu 'yan'uwansu suka saƙa wata raga da ta rufe ratar, ruwa na wucewa, albumin na tsayawa. Daga cikin ƙwayar, wani furotin mai suna fodosin ne ke tsayar da nefrin a gurbinsa, wani kuma, CD2AP, ya ɗaure shi da zaruruwan aktin, waɗanda su ne ƙashin da ke ba yatsan siffarsa. Nefrin ba shinge ba ne kawai. Yana kuma aika saƙo cikin ƙwayar game da halin da ratar ke ciki, ita kuma ta gyara tsayuwarta.

Na biyu riƙon ƙasa ne, tsakanin tafin yatsan da shimfiɗar da yake tsaye a kai. Mai wannan aiki shi ne integirin, musamman nau'in da ake kira alfa-3 beta-1. Ya ratsa fatar ƙwayar, kansa na waje ya damƙi laminin ɗin shimfiɗar, jelarsa ta ciki kuma ta kama aktin ta hannun wasu furotin kamar talin da binkulin. Wani ƙaramin furotin, CD151, yana manne da integirin yana ƙara wa damƙar ƙarfi. Zaruruwan aktin ɗin su ma ba a warwatse suke ba, alfa-aktinin-4 ne ke ɗaure su dami-dami.

Sunayen da yawa, kuma ba sai mai karatu ya haddace su ba. Abin riƙewa shi ne riƙon gefe da riƙon ƙasa duk a kan aktin suke haɗuwa, shi ya sa in aka taɓa ɗaya ɗayan ma sai ya ji a jikinsa. A 2020 wasu masu bincike a birnin Kolon na Jamus sun kawo hujjar cewa jan da yatsun ke yi shi ne ke matse shimfiɗar tsakiya ta yi ƙarfi, in jan ya yi sanyi sai saƙar ta saki, albumin ya samu hanya. In haka ne, riƙon ba don kada ƙwayar ta faɗi kaɗai ake yin sa ba, shi kansa wani ɓangare ne na tacewar.

Jariran da suka nuna hanya

Ba a ɗakin gwaji aka fara gane muhimmancin nefrin ba, a jikin jarirai marasa lafiya ne. Tun shekarun 1950 likitocin ƙasar Finlan suka san wani ciwo da ke kama kusan jariri ɗaya cikin 8,000 a ƙasarsu. Ana haihuwar yaron da ƙatuwar mabiyiya, wadda nauyinta kan wuce kwatan nauyinsa, kafin ya yi 'yan makonni ya kumbura suntum. A da can ba sa daɗewa a duniya. A 1998 Karl Tryggvason da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a waɗannan iyalai, NPHS1, suka kuma gano furotin ɗin da take umarni a ƙera, wanda babu wanda ya san da shi kafin nan. Shi ne nefrin. A ƙodar waɗannan jarirai ragar da ya kamata ta rufe ratar babu ita sam. Yau ana ceto su, amma da wahala: ƙarin albumin ta jijiya na tsawon watanni, cire ƙodojin biyu, wankin ƙoda, sannan dashe idan yaron ya kai nauyin kilo 10 ko kusa da haka.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2000 Corinne Antignac a asibitin Necker na birnin Paris ta gano fodosin a iyalan da 'ya'yansu ke da nefrotik mai ƙin jin magani. A shekarar dai Martin Pollak a Boston ya nuna cewa lahani a alfa-aktinin-4 yana jawo ciwon ƙoda mai bin dangi, wanda ba ya bayyana sai an girma. A 2004 aka gano cewa ciwon Pierson, inda jariri ke zuwa da ƙoda mai yoyo da ɗan baƙin tsakiyar ido a tsuke, daga lalacewar laminin yake. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne rahoton 2012 kan jarirai uku da aka haifa da lahani a integirin alfa-3. Ƙodarsu na yoyo, huhunsu ba ya aiki daidai, fatarsu kuma tana tashi da bororo. Gaɓoɓi uku da ba su haɗa komai ba a idon mai kallo, amma dukkansu da integirin ɗaya suke manne wa shimfiɗarsu.

Zuwa yanzu an san ƙwayoyin gado fiye da 50 da lahaninsu ke jawo nefrotik, kuma mafi yawansu a fodosait suke aiki. Wani babban bincike na 2015 da ya duba iyalai 1,783 daga ƙasashe da dama, waɗanda ciwon 'ya'yansu ya ƙi jin maganin sitiroid, ya samu lahani a ƙwayar gado ɗaya a wajen kashi 30 cikin ɗari. A jariran da ciwon ya fara kafin wata uku, adadin ya kusa kashi 70.

Nan akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye. Lahanin nefrin da na fodosin ba sa bayyana sai yaro ya gaje su ta wajen uwa da ta wajen uba duka biyu. Iyayen lafiyarsu ƙalau, ba su ma san suna ɗauke da komai ba, amma kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu, daidai da lissafin sikila. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da lahani iri ɗaya su haɗu. Saboda haka in an taɓa rasa jariri da kumburi a gidan, ko akwai ɗan'uwa mai ciwon ƙoda tun yana ƙarami, ko mata da miji 'yan'uwa ne, a gaya wa likita ko bai tambaya ba. Amfanin sanin babba ne. Furotin da aka ƙera a karkace tun daga tushe, sitiroid ba zai miƙe shi ba, ci gaba da ɗura wa yaron magani illa ce kawai za ta biyo baya. Ta ɗaya gefen kuma, in aka yi wa irin wannan yaro dashe, da wuya ciwon ya dawo, domin sabuwar ƙodar da nata lafiyayyun furotin ta zo.

Idan jiki ya far wa kansa

Mafi yawan yara masu nefrotik ba gado suka yi ba. An haife su da riƙo lafiyayye, wani abu ne ya zo daga baya ya kwance shi. Irin da ya fi yawa a tsakanin 'yan shekara biyu zuwa shida, kuma ya fi kama maza, yana da abin ɗaure kai: in aka ɗebo ɗan tsokar ƙodar aka duba a madubin likita na yau da kullum, ba a ganin komai. Sai a 1957, da Marilyn Farquhar da abokan aikinta a Minnesota suka duba da na'urar ilektiron mai tsananin ƙara girma, aka ga abin da ke faruwa. Yatsun fodosait sun baje, sun zama faffaɗan leɓe guda a kan shimfiɗar, ratar da ragarta duk sun ɓace. A ba yaron firedinisolon, wani maganin sitiroid, takwas ko tara cikin goma furotin ya ɗauke cikin mako huɗu, yatsun su koma yadda suke.

An yi shekaru ana ba da maganin ba tare da an san abin da yake gyarawa ba. Likitocin zamanin da sun lura cewa wani lokaci yaro mai nefrotik in ya kamu da ƙyanda, wadda ke danne garkuwar jiki, sai kumburinsa ya sace. A 1974 Robert Shalhoub ya haɗa wannan da wasu alamu ya ce lallai garkuwar jiki ce ke sakin wani abu cikin jini mai cutar da matatar. Masu dashe ma sun ga shaida, domin a wani nau'in ciwon mai tsanani, wajen mutum ɗaya cikin uku sabuwar ƙodarsa kan fara yoyo, wani lokaci cikin kwana ɗaya ko biyu. A 2012 likitoci a Shikago suka ba da labarin wani saurayi da 'yar'uwarsa ta ba shi ƙoda, ciwon ya afka mata nan take. Bayan mako biyu suka cire ta suka dasa wa wani dattijo da ciwon suga ya kashe wa ƙoda. A jikin dattijon yoyon ya tsaya, yatsun da suka baje suka miƙe. Ashe ƙodar ba ta da laifi, jinin da ke bi ta cikinta ne.

Mene ne a cikin jinin? Wani ɓangare na amsar bai daɗe da fitowa ba. Garkuwar jiki tana ƙera wasu furotin da ake kira antibodi don su kama ƙwayoyin cuta, amma wani lokaci sukan yi kuskure su kama naman jikin mai su. A 2022 wata tawaga a Boston ta samu antibodin da ke kama nefrin a jinin wasu majinyata. A 2024 wani bincike da jami'ar Hambag ta jagoranta ya same su a kashi 44 cikin ɗari na manya masu nau'in nan da ba a ganin komai a madubin likita, da kashi 52 na yara. A yaran da ciwon ke kan ganiyarsa kuma ba a fara musu magani ba, kashi 90 ne. Antibodin kan ƙaru in ciwon ya tashi, su ragu in ya lafa. Da suka sa jikin ɓeraye ya ƙera irinsu, ɓerayen ma suka kamu. Wato furotin ɗin nan da jariran Finlan suka rasa tun daga ciki, shi ne dai ake kai wa hari a jikin yaron da aka haifa lafiya.

Wani nau'in da ya fi kama manya an riga an warware shi tun 2009, lokacin da aka gano cewa wajen kashi 70 na masu shi suna da antibodin da ke kama wani furotin na fatar fodosait mai suna PLA2R. Gwajin jini na wannan ya shiga aikin asibiti. Na nefrin har yanzu a hannun masu bincike yake. Akwai kuma masu cewa wani furotin na jini, suPAR, yana tsokanar wani nau'in integirin ya sa yatsun su kasa tsayawa wuri ɗaya, amma wasu ɗakunan gwajin sun gwada ba su samu abin da aka faɗa ba, don haka maganar na nan a teburin muhawara.

Kaya ya fi ƙarfin mai ɗauka

Hanya ta uku ba gado, ba hari, nauyi ne kawai. Ciwon suga, hawan jini, ƙiba mai yawa da sikila duk suna ƙara matsi da yawan ruwan da ke bi ta kowane curi. Curin ya kumbura ya ƙara girma, amma adadin fodosait ɗin da ke lulluɓe da shi bai ƙaru ba, dole kowace ta miƙe ta rufe filin da ya fi ƙarfinta. Sannu a hankali wasu su saki. An samu fodosait a fitsarin majinyata, kuma abin mamaki da yawansu da ransu suke, har ana iya rainon su a ɗakin gwaji. Ba mutuwa suka yi suka faɗo ba, riƙonsu ne ya kwance.

Wilhelm Kriz, masanin ƙirar ƙoda a Jamus, yana ganin ita kanta bajewar yatsun dabara ce ta ƙwayar da ta ji za ta faɗi: ta haƙura da aikin tacewa, ta kwanta da faɗinta a kan shimfiɗar don ta ƙara wurin kamawa. A ganina wannan fahimta ta fi kowace bayyana bambancin da ke tsakanin majinyata. Yatsun da suka baje suna iya miƙewa, shi ya sa yaro kan warke sarai. Ƙwayar da ta tafi kuwa ta tafi. Inda ta bari, shimfiɗar ta zama tsirara, ta manne da bangon jakar da ke kewaye, wurin ya zama tabo. Wannan tabo mai cin wani yanki na wasu curarrakin shi ne likitoci ke kira FSGS.

A 2005 masu bincike a jami'ar Michigan suka auna abin a jikin ɓeraye, suna kashe adadin fodosait ɗin da suka ga dama. In asarar ba ta kai kashi 20 cikin ɗari ba, yoyon na ɗan lokaci ne. Tsakanin 20 da 40 tabo ya fito amma ƙodar ta ci gaba da aiki. In ta wuce 40, ƙodar ta kama hanyar lalacewa. Kuma duk curin da ya mutu, aikinsa kan sauran yake komawa, nasu nauyin ya ƙaru.

Rabon Afirka ta Yamma

A 2010 aka gano wasu sauye-sauye biyu a ƙwayar gadon APOL1, waɗanda aka fi samu a mutanen Afirka ta Yamma da jikokinsu da ke Amurka da Karibiyan. Sun yaɗu ne saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ƙwayar cutar barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma suna iya zama guba ga fodosait. Wani bincike na shirin H3Africa da aka fitar a 2024, wanda ya duba mutum 8,355 a Nijeriya da Ghana, masu ciwon ƙoda da marasa shi, ya samu kusan kashi 30 cikin ɗari suna ɗauke da kwafi biyu, kashi 43 kuma kwafi ɗaya, kuma duka rukunan biyu haɗarin FSGS ya fi yawa a kansu. Kada wannan ya tsorata kowa: mafi yawan masu kwafi biyu za su ƙare rayuwarsu ba su yi ciwon ƙoda ba. Yawanci sai wani abu na biyu ya zo ya tunzura shi, fitacce a ciki shi ne cutar HIV da ba a shan maganinta.

Tun 1963 Herbert Gilles da Ralph Hendrickse a Ibadan suka danganta nefrotik ɗin yaran Nijeriya da wani nau'in zazzaɓin cizon sauro mai dawowa bayan kwana uku-uku, kuma yaran wancan zamani ba sa jin sitiroid sosai. Rahotannin baya-bayan nan daga asibitocin ƙasar sun nuna lamarin ya sauya, masu jin maganin sun ƙaru ƙwarai. Sauran abubuwan da ke jawo ciwon a wurarenmu sanannu ne: ciwon hanta nau'in B, sikila, yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, da man bilicin mai ɗauke da sinadarin makuri, wanda tun 1972 likitoci a Nairobi suka kama shi yana sa wa 'yan mata nefrotik.

A gida da a asibiti

Kumfa kaɗai ba hujja ba ce, fitsari mai ƙarfi ko sabulun da ke cikin masai ma suna yin ta. Abin da ke raba gardama ɗan tsinken gwaji ne da ake tsomawa a fitsarin safe, cikin minti ɗaya launinsa ya nuna ko akwai furotin. Yana cikin gwaje-gwaje mafi araha, kuma shi ne ke bambanta kumburin ƙoda da na tamowa, da na zuciya, da na hanta, waɗanda a ido suke kama da juna. Mai ciwon suga ko hawan jini ko sikila ya kamata a duba masa fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara ko bai ga komai ba, domin yoyon kan riga kumburi da daɗewa.

Ba kumburin ne ke kashe mai nefrotik ba. Tare da albumin, fitsari yana kwashe antibodin da ke yaƙar cuta da furotin ɗin da ke hana jini daskarewa. Don haka zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, ƙafa ɗaya da ta fi ɗaya kumbura tana zafi, ko sarƙewar numfashi, duk na gaggawa ne, ba a kwana da su.

Kurakurai biyu sun fi yawa a kemis. Na farko sayen maganin sa fitsari don a sace kumburi: jikin yaron cike yake da ruwa, amma jijiyoyinsa na iya zama a bushe, maganin ya ƙarasa tsotse su, ƙodar ta tsaya. Na biyu sayen sitiroid ba da sanin likita ba, irin ƙwayoyin da wasu ke sha don ƙiba. Firedinisolon ana auna shi da girman yaro, ana shan sa mako takwas zuwa goma sha biyu, ana rage shi a hankali ba a yanke shi farat ɗaya, kuma kafin a fara ana bincikar tarin fuka da ciwon hanta da HIV, domin yana iya tayar da cutar da ke kwance. Yaron da ke shan sa a nisanta shi da mai ƙaranbau ko ƙyanda.

Wajen abinci, gishiri ake ragewa lokacin kumburi, kuma gishirin ba na cikin kwano kaɗai ba ne, har da dunƙulen miya, kanwa, kilishi da sinadarin taliyar leda. Nama da ƙwai da wake ba a hana su. Wasu iyaye da sun ji an ce furotin na fita sai su daina ba yaron, alhali yana cikin asararsa ne.

Yaron da ya ji magani, a sa rai ciwon zai dawo. Wajen uku cikin huɗu yakan dawo musu aƙalla sau ɗaya, sau da yawa bayan mura. Wannan ba alamar ƙodar na mutuwa ba ce, akasarin masu jin sitiroid suna girma da ƙoda lafiyayya, tashin ciwon kuma yakan ragu wajen balaga. Iyaye kan koyi gwada fitsarin a gida suna rubutawa a littafi, in tsinken ya nuna furotin mai yawa kwana uku a jere su koma asibiti tun kafin ido ya kumbura. In dawowar ta yi yawa akwai magungunan da ke rage dogaro da sitiroid, daga lebamisol, wanda asalinsa maganin tsutsar ciki ne, zuwa rituksimab mai rage ƙwayoyin da ke ƙera antibodi.

Wanda ya yi mako huɗu zuwa shida furotin bai ɗauke ba, da kuma kusan duk baligi, su ne ake ɗebo wa ɗan tsokar ƙoda da allura a duba, in da hali a yi gwajin gado. Ana gwada wa wasunsu takrolimus ko saikulosiforin, wanda aka nuna cewa ban da danne garkuwa yana ƙarfafa aktin ɗin yatsun kai tsaye. Kusan dukkansu kuma ana ɗora su a kan magungunan hawan jini irin su lisinofiril ko losatan, ko da jininsu bai hau ba. Majinyata da yawa kan ajiye su saboda an auna an ce jininsu daidai yake, ba su san ba don hawan jini aka ba su ba. Waɗannan magunguna suna buɗe jijiyar da jini ke fita ta cikinta daga curin, matsin da ke ture fodosait ya sauka, yoyon ya ragu, waɗanda suka rage su daɗe a kafe. Ana duba jini bayan mako ɗaya ko biyu da farawa don a ga aikin ƙodar da yawan sinadarin fotasiyam, ana dakatar da su in gudawa ko amai suka kama mutum, kuma mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan su, domin suna lalata ƙodar ɗan da ke cikin.